Kuɗin da ake bar wa masu kai abinci a Amurka: tukwici ne ko albashi?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, kuma ina roƙon wanda ya san abin ya ba ni amsa tsakani da Allah, domin tun ranar Asabar maganar take cina a rai.

Watana huɗu ke nan a Houston, jihar Texas, ina karatun digiri na biyu. Tun da na zo da kaina nake girki, ban taɓa zama a gidan abinci ba. Ranar Asabar, da na gama jarrabawa, wani abokina Bahaushen Kumasi da ya shekara tara a nan ya ce mu je mu ci kifi. Matar da ta yi mana hidima baƙar fata ce, za ta kai shekara hamsin, da wani baƙin ƙyalle ɗaure a wuyan hannunta na dama, irin wanda masu ciwon hannu suke sawa. Da wannan hannun take ɗauko faranti uku a lokaci guda. Na tambaye ta ko akwai giya ko naman alade a miyar da ake zuba wa kifin. Ba ta ce mini "babu" don ta rabu da ni ba, sai ta tafi kicin ta tambayo. Ta dawo ta ce wannan da giya ake dafa ta, amma ga wata. Na sake tambaya a kan man da ake suya da shi, ta sake komawa. Ruwa kuwa sau uku ta cika mana kofi ba mu roƙa ba.

Kuɗinmu ya kama dala 58. Na ce ni zan biya. A ƙasan rasit na ga wani layi babu komai a kai, da wasu ƙananan lambobi: kashi 18, kashi 20, kashi 22. Na ja wa layin zare, na zaro dala 2 na ajiye a kan tebur. Wallahi a raina ihsani na yi, domin na lissafa a kuɗinmu na ga ya kusa naira dubu uku. Ta ɗauka, ta ce ta gode, ta shiga goge teburin.

Sai da muka isa mota abokina ya ce nawa na bar mata. Da na faɗa masa sai ya yi salati, ya buɗe ƙofa ya koma ciki da sauri, ya ƙara mata dala 10 daga aljihunsa. A hanya yake gaya mini wai albashin matar nan a awa ɗaya dala 2 ne da santi 13. Na ce ba zai yiwu ba. Da na koma ɗaki na bincika na tarar gaskiya ya faɗa. Mafi ƙarancin albashi na tarayya a Amurka dala 7.25 ne a awa, tun 2009. Amma wanda ake ba shi abin da suke kira tif, doka ta yarda mai gida ya biya shi dala 2.13, a kan cewa masu cin abinci za su cika sauran. Kuma wannan dala 2.13 ɗin tun 1991 take a haka, tun ba a haife ni ba.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. Mahaifina tela ne a Fagge. Na tashi ina ganin yaransa masu guga da masu sa maɓalli, kowa da kuɗin aikinsa da aka yanka masa. In mai kaya ya zo karɓa ya ji daɗin ɗinki, ya miƙa wa yaro na goro, ban taɓa ganin Baba ya rage wa yaron ko sisi don an ba shi wani abu ba. Haka in kakata ta aike ni da kwanon tuwon sallah gidan maƙwabta aka ba ni tukwici, ba ta taɓa cewa to yau ka ci abincinka da shi ba. Abin da na sani, tukwici ƙari ne a kan haƙƙi. Nan kuma sai na tarar shi ne haƙƙin kansa.

To jama'a, in ban bayar ba, ni na ci haƙƙin matar nan ko mai gidan abincin? In kuma dukkanmu muka ci gaba da bayarwa, ba mu ne muke ɗaure masa gindi ya ci gaba da biyanta dala 2 ba?

Maman Fanna, Greensboro, ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni 'yar Damagaram ce, shekara shida na yi ina wannan aikin a nan North Carolina, kuma mu ma dala 2.13 ɗin ce. Bari in gaya maka abin da abokinka bai gaya maka ba.

Kuɗin da ka ajiye ba nata ba ne ita kaɗai. A inda na yi aiki, in an tashi da dare, sai na cire kashi 3 cikin ɗari na cinikin teburana gaba ɗaya in raba wa yaron da ke kwashe faranti, da mai tarbar baƙi a ƙofa, da mai haɗa abin sha a kanta. Ka lura, na ciniki na ce, ba na tif ba. Ko ka ba ni ko ba ka ba ni ba, sai na biya su. In tsarin gidansu irin namu ne, teburinku na dala 58 ya ci mata dala 1.74. Cikin dala 2 da ka bari, santi 26 ya rage mata, na awa guda da ta yi tana kai da komo a kanku. Da ba ka bar komai ba, daga aljihunta za ta cika.

Takardar albashi kuwa, sau da yawa sifili nake gani a jiki. Harajin tif ɗin daga cikin 'yar dala 2.13 ɗin ake cirewa, sai ta ƙare tas. Gaskiya ne doka ta ce in tif bai kai ka dala 7.25 a awa ba, mai gida ya cika maka. Amma a kan mako guda ake lissafin, ba a kan dare ɗaya ba, kuma wadda ta cika tambaya sai ta ga an cire ta daga daren Juma'a da Asabar an kai ta ranar Litinin da rana, lokacin da babu kowa. Ba wanda zai ce miki hukunci ne, amma kin gane.

Ni da yake ba na ɗaukar giya, na roƙi wata abokiyar aikina ta riƙa kai wa teburana, ni kuma ina ba ta wani abu cikin nawa kowane dare. Mai kantar ma haka yake rayuwa, dala ɗaya ko biyu a kan kowane kofi, tsaye har ƙarfe biyun dare. Abin da ya fi ci mini rai a aikin shi ne wanda zai faɗa miki maganar banza, ko ya kama miki hannu, ke kuma dole ki yi murmushi, saboda kuɗin hayar ɗakinki yana cikin aljihunsa bai fito da shi ba tukuna.

Tsarin ba shi da kyau, na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma in ka hana ta, mai gidan ko a jikinsa, ya riga ya karɓi dala 58 ɗinsa cif. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi igiya ka ɗaura. In za ka zauna a yi maka hidima, sa kashi 18 zuwa 20 cikin lissafinka tun daga gida. In babu, ka saya ka tafi da shi, ko ka ci gaba da girkinka, babu abin kunya a ciki. Kuma kada ka matsa wa kanka, rashin sani ne.

Ɗan Tudun Wada Jos ya rubuta:

Gaisuwa gare ku duka. Ku yi haƙuri in karkato da maganar gida, domin ina karanta ta Maman Fanna sai na ji kamar labarina take bayarwa.

Shekara takwas na yi a mashayar wani otal a Abuja, ina bayan kanta. Duk wanda ya taɓa cin abinci a manyan otal ya san abin da ke ƙasan rasit: harajin VAT kashi 7.5, sai kuɗin hidima kashi 10. Baƙo yana ganin kashi goman nan sai ya ɗauka ya sallame mu. A inda na yi aiki, wani watan a ba mu ɗan abin da ba a faɗa mana yadda aka lissafa ba, wani watan shiru. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma kofi ya fashe, sunanka ne a littafi. Wani ya sha ya sulale ta ƙofar baya bai biya ba, a albashinka za a cire. Akwai daren da mutum huɗu suka gudu da kuɗin da ya kai rabin albashina, na yi wata biyu ina biya.

Naira dubu 35 nake ɗauka lokacin da na bari a 2023, ina kwana a Mararaba. In mun rufe ƙarfe biyun dare babu mota, sai in shimfiɗa kwali a sito har asuba. Abin da ya riƙe ni duk shekarun nan shi ne "riƙe canjin". Ɗari biyu nan, ɗari biyar can, da shi nake shiga mota, albashin kuma in tura wa mahaifiyata. Da aka yi canjin kuɗi a farkon 2023, takardar naira ta ɓace, kowa ya koma POS da tiransifa, canjin ya mutu. Mutum zai tura daidai abin da ke rasit zuwa asusun otal, ya tashi. Wanda ya ƙara wani abu a kai ma, asusun otal ya shiga, ba ka da bakin tambaya.

Yanzu an ce mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 ne tun Yulin 2024. Ku tambayi masu aikin nan nawa ke shiga hannunsu. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, manyan kuma da yawa ta hannun ɗan kwangila suke ɗaukar mutane. Roƙona ga mai niyyar ba ma'aikaci wani abu: ka ba shi a hannunsa, ko ka tambaye shi lambar asusunsa.

Hajiya Mai Tuwo, Zariya, ta rubuta:

Salamu alaikum. Na ga duk an taru a kan masu gida, to ni mai gida ce, bari in faɗi tawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ma'aikata tara gare ni: masu girki uku, 'yan mata huɗu masu kai abinci, yara biyu masu wanke-wanke. Kullum da dare nake sallamar kowa, ba na bari kuɗin kowa ya kwana a hannuna. Suna cin abinci sau biyu, abin da ya rage kuma a ƙulla musu su kai gida. Ba zan yi muku ƙarya ba, in aka tara na wata bai kai dubu 70 ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya tashi, gas, shinkafa, man gyaɗa, kuɗin ɗauko kaya daga kasuwa. Masu cin abincina ɗalibai ne da 'yan acaɓa da ƙananan ma'aikata. Na taɓa ƙara naira ɗari biyu a faranti, cikin mako guda na ga bencina ya yi fili. Ina kwana da wannan lissafin, Allah ya sani.

Maganar tukwici kuwa, a wurina na wanda aka ba ne, ban taɓa sa masa ido ba. Matsalar da na samu daban ce. Yaran wanke-wanke suna can baya, hannu cikin ruwan omo tun safe har yatsunsu su yi fari, babu baƙon da ke ganinsu, balle ya ba su. Na kawo asusu na ce kowa ya riƙa sakawa a fasa ranar Juma'a a raba. 'Yan matan suka ƙi, ɗaya har da kuka, ta ce ita aka ba don fara'arta. Na ga ita ma tana da gaskiya. Sai na bar asusun, na ƙara wa yaran wani abu daga wajena.

Abu ɗaya ne ba na ɗaga ƙafa a kansa. Namijin da zai naɗe kuɗi da lambar waya a ciki ya miƙa wa yarinya, na mayar masa da kuɗinsa a gaban mutane. Iyayensu amana suka ba ni.

Ɗan Tudun Wada Jos ya rubuta:

Hajiya, Allah ya ƙara buɗi, ba da irinku nake ba. Ke kina biya kullum, kuma ba ki rubuta kuɗin hidima a takarda kin karɓa da sunansu ba. Inda na yi aiki, kuɗin kwalba ɗaya ta wani abin shan ya fi albashina na wata. Wannan ba rashi ba ne.

Malam Na Landan ya rubuta:

Ɗan Fagge, tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi, kuma Amurkawa da kansu sun fi shekara ɗari suna jayayya a kanta.

Al'adar daga Turai ta je musu, ta kafu sosai bayan yaƙin basasarsu da ya ƙare a 1865. Kamfanin Pullman mai taragon kwana a jirgin ƙasa ya ɗebi baƙaƙen fata da aka 'yanta daga bauta, yana biyansu ɗan kaɗan, sauran su nema a hannun fasinja. Sai da suka kafa ƙungiyar ƙwadago a 1925 ƙarƙashin A. Philip Randolph, suka yi shekaru suna fafutuka kafin a saurare su. A wancan zamanin har jihohi shida sun haramta tif da doka, Washington ce ta fara a 1909, amma zuwa 1926 duk an soke, don ba wanda ya bi. A 1966 majalisa ta shigar da ma'aikatan gidajen abinci cikin dokar albashi, ta kuma ba mai gida damar lissafa tif a matsayin wani ɓangare na albashin. A 1996 aka daskarar da adadin a dala 2.13 ɗin da yake tun 1991.

Ba ko'ina ba ne haka. Jihohi bakwai, ciki har da California da Nevada da Minnesota, suna tilasta a biya cikakken albashi, tif ya zo a kai. A California ya haura dala 16 a awa, kuma gidajen abinci ba su ƙare ba. Nan Birtaniya tun 2009 aka hana lissafa tif cikin mafi ƙarancin albashi, kuma daga 1 ga Oktoban 2024 doka ta ce duk abin da baƙo ya bari, har kashi 12.5 da ake sawa a rasit a Landan, na ma'aikata ne baki ɗaya, kuma suna da ikon neman a nuna musu yadda aka raba. Irin dokar da ɗan'uwanmu na Jos yake buƙata ke nan.

Sai dai ka san wani abu: ba duk ma'aikatan ne suke son a canza ba. Wanda ke aiki a wuri mai tsada yana samun abin da albashin awa ba zai ba shi ba. Wani babban mai gidajen abinci a New York, Danny Meyer, ya soke tif a 2015 ya ƙara kuɗin abinci don ya biya kowa, a 2020 ya koma gidan jiya. A 2024 mutanen Massachusetts suka kaɗa ƙuri'a suka ƙi amincewa da ɗaga albashin masu tif, kuma cikin masu adawa har da ma'aikatan kansu. Wadda ke shan wahalar ita ce irin matar da ka gani, mai aiki a ƙaramin wuri.

A fahimtata, nauyin farko na kan wanda ya ɗauke ta aiki. Shi hadisin "ku ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe" ya fara kamawa. Amma malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa abin da aka sani a al'ada kamar sharaɗi ne da aka gindaya. A garin da kowa ya san an rage kuɗin faranti ne saboda mai ci zai biya mai hidima, wanda ya zauna da saninsa ya karɓi sharaɗin. Ranar Asabar ba ka sani ba. Yau ka sani. Gyaran tsarin kuma a majalisa da akwatin zaɓe ake yinsa, kamar yadda birnin Chicago ya yi a 2023 da ya zartar da dokar ɗaga albashin nasu a hankali.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaya Maman Fanna, lissafin santi 26 ɗin nan ya hana ni barci.

Jiya Alhamis bayan la'asar na shiga bas na koma. Wurin babu mutane, na same ta zaune a teburin ƙarshe tana naɗe cokula da wuƙaƙe cikin tsumma, tuli guda a gabanta. Ta gane ni, ta ce mai tambayar miya. Na ce mata baƙo ne ni, ban san tsarin ba, na zo ba ta haƙuri. Ta ce abokina ai ya riga ya gyara, kuma ta saba da sababbin ɗalibai. Shekararta 14 a wurin. Na tambaye ta hannun, ta ce likita ya ce ta huta masa mako shida, amma mako shida ba aiki mako shida ne ba kuɗi. Na sha shayi na dala 3, na bar mata 10, ta bi ni har ƙofa tana cewa ya yi yawa.

Har yanzu zuciyata ba ta yarda a kira wannan abu tukwici ba, Malam, kuma ba zan daina ganin laifin mai gidan ba. Amma zan riƙa bayarwa. Ɗan'uwa na Jos, in na zo hutu na shiga irin wuraren nan, a hannu zan bayar kamar yadda ka ce.

Saura tambaya ɗaya, Yaya. Shagon kofi na cikin makarantarmu, inda nake tsayawa a layi in karɓa da hannuna, su ma in na sa kati sai allon ya nuno mini kashi 15, 20, 25. Su ma dala 2.13 ake biyansu?

Maman Fanna, Greensboro, ta rubuta:

A'a ƙanena, masu tsayawa a kanta irin wannan galibi cikakken albashin awa ake ba su, don haka wannan ganin damarka ne, in ka danna "babu" ba ka ci haƙƙin kowa ba. Waɗanda za ka kula da su su ne mai yi maka hidima a tebur, da mai aski, da direban tasi, da mai kawo maka abinci har gida, musamman shi, domin man motarsa daga aljihunsa yake sha. In kuma ka ga an riga an sa kuɗin hidima a rasit, kamar yadda ake yi wa mutane shida ko fiye a tebur ɗaya, ka duba da kyau kada ka biya sau biyu. Ka gaishe mini da abokin naka na Kumasi.